Ɓeran Ban Kwana

Ni da Opal ba mu taɓa shiri ba, in faɗa muku gaskiya. Macijiya ce irin ta dajin itatuwan fain ɗin nan namu na kudancin Jersey, fara mai dabbare-dabbaren baƙi, tsawonta ya kusa nawa. Ba ta da dafi, sai uban huci kamar taya ta yi faci. Matata Lorna ta saye ta a wurin wani mai kiwonsu tun tana 'yar ƙarama, da takardar izini da komai, yau shekara goma sha tara. Ba mu samu haihuwa ba, to sauran bayanin ku ƙarasa da kanku.

A watan Nuwamba Lorna ta zame a matakala, ƙugu ya karye. Aka yi mata aiki, aka ce sai ta yi wata biyu a gidan jinya. Amma ita ba ta ƙugunta take ba, ta Opal take.

"Merle, buɗe kunnenka da kyau," in ji ta. "Na riga na yanke mata abinci, ranar Asabar za ta cika mako uku. Ka kashe fitilar ɗumi, bayan kwana biyu ka sauke ta ɗakin ƙasa mai sanyi da kwanon ruwa. Can za ta yi barcin sanyinta har Maris. Kada ka ƙara komai daga kanka."

"Haba Lorna, ni yaro ne?"

"Da yaro ne da hankalina ya kwanta."

Ranar Juma'a ina zaune ni kaɗai a kicin ina cin wake na gwangwani, gida shiru ba daɗi. Sai ga Opal ta ɗago kai jikin gilashin akwatinta, tana ta wasa da harshe, duk inda na juya ta juya. Na ce a raina, wata uku cur ba ci! Wane irin rashin imani ne wannan? Na tashi na ɗauko ɓera ɗaya daga firiza, na jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar yadda na saba ganin Lorna tana yi, na miƙa mata da dogon awartaki. Ta cafke. Na tsaya ina kallo har wutsiyar ta shige, har da jin daɗina, wai ni mai tausayi. Litinin na sauke ta ƙasa.

Kwana tara bayan nan na je canza mata ruwa. Tun daga matakala wari ya tare ni. Tsakiyar jikinta ya kumbura, bakinta a ɗan buɗe. Na taɓa ta da yatsa, ko hucin nan da na tsana ba ta yi mini ba.

Na kira Thaddeus Pruitt, wanda muke ce wa Tad, abokin Lorna a ƙungiyar masu kiwon macizai. Ya zo da takalman aikinsa, ya durƙusa, ya shafa cikin sau ɗaya.

"Me ke cikin nan?"

"Ɗan ɓera ne. Ƙarami."

"Ka ba ta abinci, sannan ka sa ta a sanyi?" Ya cire hularsa ya jefar. "Kai, tsohon nan, kanka ɗaya kuwa? Da ɗumi suke narkar da abinci! Ruɓewa yake yi a cikinta. Don me kake tsammani ake barin su da yunwa, don mugunta?"

"To ni na sani? Kallona take yi."

"Maciji ba ya rufe ido, Merle. Kowa yake kallo."

Muka hauro da ita, muka dawo mata da ɗumi a hankali. Likitar dabbobi ta yi mata allura, ta ce mu jira. Washegari ta amayo abin, har na fara murna. Na kwana biyu ina kai-komo gaban akwatin, ina yi mata magana kamar zautacce. Safiyar Asabar na same ta ta birkice, cikinta a sama, ba rai.

Tad ya ce yana da wata mai kama da ita sak, in sa ta a madadinta, kafin Maris wa zai gane? Na yi tunanin abin, ba zan ɓoye ba, har na tsaya a ƙofar gidansa da mota. Sai na wuce gidan jinya.

Na tarar da Lorna tana koyon tafiya da sanduna biyu a baranda, gumi ya jiƙa mata goshi. Da ta gan ni sai ta washe baki.

"Taku arba'in na yi yau! Ya 'yata? Ta yi barci?"

Ta dubi fuskata, ta nemi kujera ta zauna a hankali. Na faɗa mata duka, tun daga gwangwanin wake har tayin Tad. Ba ta katse ni ba, ba ta yi ihu ba. Da ma ta zage ni, da na ji sauƙi.

"Da hannunka ka ba ta?"

"Da hannuna."

Ta dubi sandunanta, hawaye yana sauka.

"Shekara goma sha tara ina roƙonka ka ba ta abinci ko sau ɗaya, Merle," in ji ta. "Kullum ka ce ƙyama kake ji."