Ƙofar Noeline

A tsohuwar unguwar Battery Point, ba a yi wa gida fenti sai da launinsa na asali. Noeline kuwa ta rantse ƙofarta sai ta zama ruwan ɗorawa.

"Kya gaji ki bari," in ji maƙwabcinta Desmond. "Mutanen dauri ba su san wannan rawar kan ba."

"Ji da ciyawarka, tsoho!" in ji Noeline.

Wata ma'aikaciyar hukuma da ta zo duba launin asali ta sa wuƙa tana kankare fentin ƙofar. Kore ya tashi, baƙi ya tashi, can jikin katako sai ga ruwan ɗorawa, har ya fi wanda Noeline ke so haske.

Noeline ta leƙa ta kan shinge.

"Desmond! Zo ka ga rawar kan kakanninka."