Goron Gayyar Inno

A Gidan Atu, wani ƙauye da ke bayan Jabo, babu gidan da Inno ungozoma ba ta taɓa shiga da reza a hannu ba. Rabin yaran garin ita ta yanke musu cibiya, sauran rabin kuwa iyayensu ta yanke wa. Mace ce mai sanyin magana, amma in ta ƙullaci mutum, to sai dai Allah ya kyauta. Wanda ta ƙullata a bazarar bana shi ne Alhaji Maccido.

Makarantar firamaren garin ba ta da shinge. Burtalin shanu yana nan ya zagaya ta bayan gonaki, amma Maccido ya ga zagayen ya yi wa garkensa nisa, sai ya mayar da tsakiyar filin makaranta hanyar zuwa rijiya. Hedimasta, Malam Uthman, ya yi magana har bakinsa ya gaji. To wurin wa zai kai ƙara? Maccidon ne shugaban kwamitin iyayen yara. In aka ta da zancen kiran gayya a yi shinge, sai ya ce a bari kaka ta yi. Kaka ta yi, ya ce a bari sanyi ya wuce.

Ranar wata Laraba, yara suna wasa a fili, wani bijimi ya ɓalle daga garken ya bi ta kan Nasiha, jikar Inno, 'yar aji uku. A kan babur aka kai ta wurin maɗori a Dogon Daji, tana ihu har muryarta ta dishe. Sai da aka kwana uku Maccido ya zo dubiya. Ko zama bai yi ba.

"Haba Inno, ki kwantar da hankalinki," in ji shi, yana kaɗa makullin babur. "Ƙashin yaro ɗanye na. Shina haɗewa da kainai."

Inno ta dube shi ta ce, "Mun gode, Alhaji." Wanda ya san ta, da ya ji wannan godiyar ya san ba lafiya ba.

Ƙashi dai ya haɗe, amma a karkace. Almu, mahaifin yarinyar, ya rantse 'yarsa ba za ta sake taka makaranta ba muddin shanu na ratsa ta. Nasiha ta rataye jakarta a ƙusa, kullum da safe ta ɗingisa zuwa ƙofar gida ta zauna tana kallon ƙawayenta suna wucewa. Wannan kallon shi ya fi ci wa Inno rai. Takaici ya hana ta cin abinci, har wata safiya ta ce da jikar tata, "Ƙawata, daina kuka. Kina komawa makaranta, kuma wanda yab buɗe hanyag ga, shi ka rufe ta da hannunai."

Ba a yi sati biyu ba sai Inno ta ga jakuna suna jidar jar ƙasa zuwa ƙofar gidan Maccido. Katangar zaurensa ta tsage tun daminar bara, yana son a tayar da ita kafin ruwa ya sauka. Aka kwaɓa ƙasar da ciyawa, ana ba ta ruwa kullum don ta ruɓa. Laka kuwa in ta nuna ba ta jiran kowa, balle a ranar bazara. Sai ga Zulfa, matar Maccido, ta aiko aron babbar tukunyar Inno, wai ranar Asabar za a yi gayya. Inno ta ba da tukunya har da murfi.

A Gidan Atu ba a kiran gayya da baki kawai. Goro ake rabawa, kuma wanda ya tauna goron wani, ranar nan ƙarfinsa na mai goron ne, ko da ubansa ne ya zo daga baya. Maccido ya san wannan sarai. Amma manyan mutane ba sa gaggawa, ya bari sai an sauko daga masallacin Juma'a ya raba nasa, don a gani.

Inno ta sa aka kai akuyarta ɗaya tilo kasuwar Tambuwal, aka dawo mata da goro. Ranar Alhamis ta yafa mayafi ta bi gida-gida. Ba maza ta nema ba, matansu ta samu a madafa.

"Ki ba maigidanki wanga," take cewa. "Gayyar shingen makaranta ta, ran Assabar. Ke kau ki kawo gero, mu ka dafa musu."

Wace ce za ta mayar wa Inno da goro? Wadda ta riƙe ki kina naƙuda? Ga shi kowace uwa tana da ɗa a filin nan, kowace kuma ta ga ƙafar Nasiha. Kafin magariba bakin kowane magidanci ya yi ja.

Ranar Juma'a Maccido ya tsaya a ƙofar masallaci da ƙwaryar goro. Duk wanda ya miƙa wa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, na riga na ci na Inno." Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Asabar da hantsi filin makaranta ya cika. Maza suna saro aguwa, itacen da ake dasawa a yi shinge, daga bakin gonaki, wasu suna haƙa rami, malamai suna ja da igiya don layi ya miƙe. Mata sun kafa tukwane a gindin itacen bedi, 'yan aji shida suna kai ruwa. Malam Uthman sai murmushi yake kamar an yi masa haihuwa. Can a ƙofar Maccido kuwa laka tana ta bushewa, tuwon mutum arba'in yana sanyi a cikin tukunyar aro.

Bayan azahar girman kai ya ƙare. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Maccido ya iso da ƙafa, babbar rigarsa fara fat, ya tarar an kewaye makaranta kaf, sai giɓi ɗaya da aka bari ta wajen da shanunsa ke shigowa. Inno tana zaune a kan turmi a bakin giɓin, Nasiha a gefenta, ga damin aguwa ɗaya a ƙasa.

"Inno, don Allah ki ba ni ko mutum goma," ya ce a hankali. "Laka na mutuwa."

"Gayya ba ta ƙare ba, Alhaji. Ga sauran aiki nan." Ta nuna giɓin da haɓa. "Nan ɗiyag ga taf faɗi. Mun aje ma shugaban kwamiti rabonai."

Maccido ya dubi mutane, babu wanda ya ɗaga ido. Ya dubi gabas. Sannan ya naɗe hannun riga ya durƙusa, ya shiga dasa aguwa ɗaya bayan ɗaya, farin ruwanta yana manne masa a yatsu, ƙasa tana ɓata gwiwar rigar. Yaran da ya saba yi wa tsawa su kauce wa shanu suna tsaye suna kallo. Inno ba ta ƙifta ido ba har ya dasa ta ƙarshe, kuma wallahi ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba.

"To, na yi," in ji shi. "Mutanen fa?"

"Gayyata ta ƙare. Ga su nan, ka tambaye su."

La'asar ta riga ta yi. Mutanen da suka wuni suna sara a rana ko cokali ba sa iya ɗagawa. Kowa ya ce sai gobe in Allah ya kai mu. Ruwa kuwa bai jira goben ba, kafin magariba ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aguwa ta sha ta kama ƙasa. Lakar Maccido ta narke ta bi kwata, katangar zaurensa ta kwanta gaba ɗaya.

Ranar Litinin Almu da kansa ya ciro jakar daga ƙusa. Inno ta riƙe hannun Nasiha suka nufi makaranta, suna tafiya a hankali saboda ƙafar. Hanya ta bi da su ta ƙofar Maccido. Yana tsaye a cikin taɓo, ya zuba wa ɓaraguzan zaurensa ido.

Inno ta tsaya. Ta dubi katangar, ta dubi ƙafar jikarta, wadda babu gayyar da za ta miƙar da ita har abada. Daɗin shekaranjiya ya gushe, ƙwalla ta cika mata ido, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Haba Maccido, ka kwantar da hankalinka," ta ce. "Ƙasa ɗanya ta. Tana haɗewa da kanta."

Ta ja hannun yarinyar suka wuce, ana kaɗa ƙararrawa.