Yatsu Biyu na Kalmasa

Duk layin nan babu wanda bai san "gobe" ɗin Tela ba. Ka kai masa yadi, ya auna ka, ya dube ka ido cikin ido ya ce gobe. Ka dawo goben, ka tarar da yadinka a ninke yadda ka bar shi, shi kuwa gogan yana taka keke yana murmushi, ya ce ai saura guga kawai. Ba mugu ba ne, wallahi, hannunsa kuma yana da kyau. Bakinsa ne dai ya fi ƙafarsa sauri.

A gida ma haka abin yake. Matarsa, wadda yara ke kira Umma, ta daɗe da daina tambayarsa yaushe zai gyara labulen ɗaki. Babbar 'yarsa, Yaya, da ta ji ya ce gobe sai ta taɓe baki ta ci gaba da aikin makarantarta. Mutum ɗaya tak ta rage a duniya da ke ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa, ita ce autarsa, 'yar mitsitsiya mai manyan idanu da yake kira Maɓalli. In ana musu a cikin yara, da ta ce "Babana ne ya faɗa" to ita a wurinta zance ya ƙare.

Wata rana wani ya kawo ɗinki a naɗe cikin takardar talla. Maɓalli ta tsince ta a ƙarƙashin teburin yanka, ta shimfiɗa ta a ƙasa tana kallo. Hoton wurin wasan yara ne, wanda aka gina komai nasa da siffar kayan wasa: gidaje kamar bulo na roba, 'yan tsana tsayin bene, ga kuma wani jan jirgin ƙasa da ke hawa tudu ya gangaro ya shige ta bakin wani ƙaton beyar, dabbar nan mai gashi buzu-buzu, ya fito ta bayansa. A ƙasan hoton an rubuta tsayin da yaro zai kai kafin a bar shi ya hau.

"Baba, na kai?"

Tela ya zaro tef daga wuyansa, ya auna tsayin a jikin ƙofar shago. Ya jingina ta da katakon, ya ce ta daina ɗage, ya ɗora hannu a kanta, ya ja layi da alli. Layin nata ya faɗa daidai kan awon, ko gashi ɗaya bai rage ba.

"Kin kai, Maɓalli. Ranar hutu zan kai ku, ki hau jan jirgin nan."

Yarinya ta fita da gudu tana shela. Umma, da ta zo kawo masa ruwa ta ji komai, ta ajiye kofin a kan keke ta ce, "Malam, wannan fa ba mai ɗinki ba ce da za ta zage ka ta dawo jibi. Ita kaɗai ta rage maka. In ka san goben da ka saba ce, ka faɗa mata tun yanzu."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ranar hutu kuwa, abin mamaki, Tela ya rufe shago da sassafe, ga kayan mutane jibge, ya saka rigarsa mai aljihu huɗu ya ce yaran su fito. Yaya sai da ta leƙa waje ta ga ko ruwan sama ake yi.

Motar haya ta sauke su a bakin wata ƙofa da aka yi kamar akwatin kyauta da aka buɗe, har da ƙaton kintinkiri a sama. Suna shiga Maɓalli ta yi turus. Fitilun hanya duk alawa ce mai sanda. Kujerun hutawa kuwa manyan ƙwayoyin lido ne, irin waɗanda ake jefawa, masu ɗigo-ɗigo. Can ga wata agwagwar roba da ta fi motar da ta kawo su girma, tana shawagi a tafki da yara a bayanta. Shi kansa Tela sai da ya saki baki. Amma da wani mutum sanye da rigar zomo ya zo yana ɗaga musu hannu, idonsa bai ga zomo ba, hammatar rigar ya gani.

"Dubi ɗinki don Allah," ya ce wa Yaya. "Ko zare bai ja ba. Wannan wata biyu ba zai yi ba."

"Baba, ka bar wa mutane zomonsu."

Ba su yi gaggawa ba. Maɓalli ce ta tsara, ta ce jan jirgi shi ne na ƙarshe, don abu mai daɗi ba a fara cinye shi. Suka hau kofunan shayi masu juyawa, Tela ya sauko yana dafa bango, yaran suna ta ƙyalƙyala masa dariya. Suka shiga gidan 'yar tsana, inda kujera ta fi mutum tsayi, cokali kuma sai an sa hannu biyu. Ya saya musu gugguru da alawar auduga, ta manne wa Maɓalli a hanci. Ya zauna a kan ƙwayar lido ɗaya yana kallonsu suna gina hasumiya da bulon soso, iska tana kaɗawa, babu mai tsaye a kansa yana tambayar ina rigarsa. Rabon da ya ji zuciyarsa sakayau haka har ya manta. Yau dai ga shi ya faɗa ya cika.

Da rana ta karkata suka nufi jan jirgi. Layi ne mai ɗan tsawo, a bakinsa kuma an kafa raƙumin dawa na katako mai jan zobe a wuya. Kusa da shi wata mata ce tsaye cikin kayan sojan wasa, da doguwar hula baƙa da jan fenti a kumatu. Kowane yaro sai ya tsaya jikin raƙumin, ta ɗora wani ɗan katako a kansa, sannan ta buɗe masa ƙofa.

Yaya ta wuce ba a ko duba ta ba. Maɓalli ta taka da ƙarfinta, ta juya baya ta jingina, ta miƙe ƙyam, tana kallon babanta tana murmushi.

Sojar ta ɗora katakon. Ta sake ɗorawa. Ta durƙusa ta ce, "Ayya, 'yan mata. Saura kaɗan."

"Na kai," in ji Maɓalli, ko a jikinta. "Babana ne ya auna ni. Tela ne."

"Baiwar Allah, a sake dubawa dai," Tela ya ce, yana zaro tef daga aljihu. "Awo sana'ata ce."

"Bismillah, Malam, auna da kanka."

Ya auna raƙumin daga ƙasa zuwa jan zobe. Daidai yake da abin da aka rubuta a takarda. Ya juya kan 'yarsa, ya ɗora hannu a kanta kamar yadda ya yi a shago, sai ya tsaya yana kallon hannun nasa. Yatsu biyu ne kwance a kan gashinta, tef ɗin kuma a samansu. Haka hannun ya saba tun yana yaron shago: duk tsayin da ya auna sai ya bar yatsu biyu na kalmasa, na yara kuma har ya fi sakin hannu don su girma a ciki. Ya auna 'yarsa kamar zai yanka mata riga. Tsakanin kanta da jan zoben nan, yatsun nan biyu ne cif.

Ya janye hannun a hankali. Wani mai ƙaton ciki a bayansu ya ce, "Haba, ki bar ta mana, ɗan wannan?"

Sojar ta girgiza kai. "Ƙarfen da ke riƙe su a kujera ba ya kama wanda bai kai ba. Ba ni na ƙi ba, Alhaji."

Tela ya ja yaransa gefe, suka zauna a kan wata kujera. Maɓalli ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Kallonsa kawai take, tana jira ya gyara, don a saninta babu abin da ke zuwa hannun babanta da tsayi ko gajarta ya fita bai daidaita ba.

Ya laluba aljihu. Alli, ƙaramin almakashi, zare a sanda, sai kuma soson kafaɗa guda biyu da ya cire daga kwat ɗin wani ya manta. Ya juya su a hannu. Kaurinsu ya isa. In ya ninka kowanne ya tura a dugadugan takalminta, safa ta rufe, ko sojar gaske ba za ta gane ba.

"Kawo ƙafarki," ya ce.

Ya cire mata takalmi ɗaya, ya fara tura soson. Yaya tana tsaye ta harɗe hannu, bakin nan ya taɓe irin yadda yake taɓewa a gida. Daidai nan jirgin ya iso saman tudu, kusa da su sosai, ya ɗan tsaya, sannan ya sulalo. Tela ya ɗaga kai. Ya ga yadda yaran suka tashi daga kujerunsu gaba ɗaya, ihu na tashi, cinyoyinsu suka bugi ƙarfen ya mayar da su. Wani yaro siriri da ke gaba sai da rigarsa ta kumbura da iska, ƙarfen ya tare shi da ƙyar. Tela ya san abin da ake nufi da abu ya yi wa mutum yawa. Ya dubi cinyar Maɓalli, 'yar siririya kamar hannun almakashi, ya dubi soson da ke hannunsa. Soso zai ruɗi raƙumin katako, amma ba zai cika wurin da ƙarfe ya bari ba.

Ya zare soson ya mayar aljihu. Ya mayar mata da takalmin, ya ɗaure igiyar, ya daɗe yana ɗaurewa.

"Baba, mu je?"

Kalmar tana nan a kan harshensa, a shirye, sumul, ta sha fita ba ta taɓa maƙalewa ba. Da ya ce gobe, za ta yi tsalle ta yarda, su tafi gida lafiya lau. Yaya ma ita take jira, ya ga alama a fuskarta.

"Ba za ki hau yau ba, Maɓalli," ya ce. "Matar nan ta fi ni gaskiya. Ni na auna ki ba daidai ba, na ƙara miki yatsu biyu irin na riga. Ba ki kai ba tukuna."

"Gobe fa?"

"Gobe ma ba ki kai ba. Jibi ma haka. Ban san ranar ba. Sai kin ci abinci kin ƙara tsayi, ni kuma ba ni da keken da ke ɗinka wannan."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ta kife kai a cinyarsa tana yi har da shessheƙa, tana dukan gwiwarsa da ɗan hannunta, tana cewa ai shi ya ce, ai shi ya ce. Bai ba ta haƙuri da ƙarya ba, bai ce zai saya mata komai ba. Ya dafa bayanta kawai, idonsa ya cika.

"Yaya, je ki hau ke," ya ce.

Yaya ta dubi layin, ta dube shi. Bakin nan ya saki. Ta zauna a ɗaya gefensa ta ce, "Ƙyale shi, Baba. Na jira ta." Can kuma ta ƙara da cewa, "Dama beyar ɗin nan ɗinkin bakinsa a karkace yake."

Suka tashi suka hau agwagwar roba su uku. Maɓalli ba ta riƙe hannunsa ba, na Yaya ta riƙe. A mota ma ta juya masa ƙeya tana kallon taga har suka iso. Tela ya ce a ransa shi ke nan, ta bi sahun sauran da suka daina yarda da maganarsa.

Da sauran hasken rana suka sauka. Umma tana bakin ƙofa, ta dubi fuskokinsu ta gane. Tela bai shiga gida ba, ya buɗe shago, ya tsaya gaban layin allin nan da ke jikin ƙofa. Ya lashi babban yatsa zai goge.

"Kar ka goge."

Maɓalli ce a bayansa, idanu a kumbure, da sauran alawa a gefen hanci. Ta zo ta jingina da katakon da kanta, ta haɗa dugadugai.

"Auna ni na gaskiya."

Ya ɗauko rular yanka, ya ɗora ta a kanta a kwance, ya janye yatsunsa can gefe, ya ja layi. Sabon ya zauna a ƙarƙashin tsohon. Ta juyo ta duba, ta sa 'yan yatsunta a tsakani, nata har uku suka shiga.

"Na saman na jirgi ne," ta ce. "Ka bar min shi, zan girma a ciki."

Wata yarinyar maƙwabta ta leƙo tana tambaya ko an hau jan jirgin. Tela ya sunkuyar da kai yana jiran abin da za a ce.

"Ban kai ba tukuna," in ji Maɓalli. "Saura yatsu biyu. Ranar da na kai za mu koma."

"Wa ya ce?"

"Babana ne ya faɗa."

Bai faɗa ba, ita ta faɗa masa. Tela ya mayar da allin aljihu, ya jawo yadin da ya fi kowanne daɗewa a kan tebur, ya shimfiɗa shi ya ɗauki almakashi.