Zarton Maiwada

"Zare wayar tukuna," in ji Maiwada.

Nu'uman ya janye hannu daga haƙoran zarton lantarkin, ya je ya zare wayar daga bango, kunya ta kama shi. Ga shi da furfura a gemu, amma a gaban wannan tsoho har yanzu ɗan koyo ne.

Ɗakunansu na kallon juna a wani tsohon gida a unguwar Manfuha, can ƙasar Larabawa, kuma a warsha ɗaya, wato shagon aiki, suke aikin kafinta da 'yan Bangaladash da wani Bamisire. Tun ranar da Maiwada ya kama Nu'uman ya ɗaure murfin zarto da waya don aiki ya yi sauri, ya hana shi taɓa nasa. Shekaru suka wuce suna cin abinci kwano ɗaya, zarton kuwa ko kallon kirki ba a yarda ya yi masa ba. Abin na cin Nu'uman a rai, ya fi son yardar tsohon nan da komai.

Yanzu ciwon hanta ya cinye Maiwada. Yana zaune kan bokitin fenti, ba ya iya riƙe zarto, ga ƙofar da ya yi wa wani alkawari ba a gama ba, shi ya sa yau ya bar wa Nu'uman nasa.

"Naɗe hannun rigarka. Jallabiya ba ta san zarto ba."

Nu'uman ya naɗe. Ya matse katakon a jikin teburi, ya daidaita haƙoran yadda za su ɗan leƙo ƙasan katakon kawai, ya taɓa murfin ya ga yana komawa da kansa. Ya mayar da wayar, ya wurga ta bayan kafaɗa.

"Ya sadik, matsa kaɗan," ya ce wa ɗan Bangaladash ɗin da ke bayansa, yana kiransa aboki da Larabci.

Nu'uman ya riƙe zarton da hannu biyu, ya tsaya gefe, ya yanka. Bai ajiye ba sai da ƙarfen ya daina juyawa. Ya waiwayo yana jiran yabo.

"Saura ɗaya gefen," in ji Maiwada. Shi ke nan.

Ranar Alhamis da hantsi Maiwada ya cika. Matarsa Delou ta yi wa Nu'uman magana ta bayan labule.

"Ya ce kai za ka yi masa wanka, Malam Nu'uman. Wai hannunka ya natsu."

Baƙin ciki da alfahari suka haɗu a zuciyar Nu'uman.

A ɗakin wankan gawa, Balaraben da ke taya shi ya tambayi sana'ar mamacin.

"Kafinta. Tun yana saurayi."

Balaraben ya ɗaga hannun Maiwada ya juya shi, ya duba ɗayan. Yatsun nan duk suna nan, ko farce bai guntule ba, duk shekarun da ya yi da zarto.

"Masha Allah," ya ce a hankali.

Nu'uman ya karɓi hannun, ya ci gaba da zuba ruwa tsakanin yatsun.