Ranar da Lawan Ya Harbi Surukinsa

Duk wanda ya leƙa tsohon gidan bulo na Malam Inuwa a Unguwar Shanu ranar Lahadi da hantsi, abu ɗaya zai fara gani. Samari wajen ashirin ne kwance cikin ƙasa, wasu a bayan tayoyi, wasu sun manne da ragowar bulo, kowa da gilashi a ido da bindigar roba a hannu. Sai wani dattijo mai farin gemu yana ratsa tsakiyarsu a miƙe, cikin shuɗiyar jamfa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Harsasan roba, 'yan farare kamar ƙwayar dawa, suna ta wucewa dama da hagu, babu ɗayan da ke taɓa shi. Haka zai je har sansanin abokan karawa, ya zare tutarsu, ya kaɗe ta, ya dawo yana gyaran murya.

Dattijon shi ne Malam Inuwa da kansa. Wanda ke laɓe a bayan tsohon tankin ruwa yana sharce zufa kuwa Lawan mai walda ne, mijin 'yarsa Hasiya, kuma shi ya jawo wa unguwa wannan fitina.

Wasan, samari na ce masa eyasof. A waya Lawan ya gan shi, tun daga ranar kuwa zaune bai ƙara kama shi ba. Ya je neman izini wurin mai unguwa, ya je wurin 'yan sanda, ya shafa wa bakin kowace bindiga fenti ruwan lemo don kada a ɗauka ta gaske ce, tunda gari ne da in taya ta fashe sai a fara rufe shaguna. Da kyar da siɗin goshi ya haɗa ƙungiya huɗu: Unguwar Kanawa, wadda shi ke riƙe da ita, da Unguwar Shanu, da Kurmin Mashi, da Badarawa. Dokar wasan guda ce. Harsashin roba ba ya barin shaida a riga, don haka wanda aka samu shi zai ɗaga hannu da kansa ya ce an same shi, ya fita.

Fili ne ya gagara, sai na surukinsa. Lawan kuwa mutum ne da ko ruwa bai taɓa sha a gaban Malam Inuwa ba, balle ya buɗe baki ya roƙe shi wurin wasa. Hasiya ya tura. Tsohon ya amince, amma da sharaɗi: a sa shi cikin 'yan Unguwar Shanu.

A nan ne Lawan ya tafka abin da ya tafka. Ya bi shugabannin ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu da murya ƙasa-ƙasa su ja wa yaransu kunne, kowa ya kauce wa Baba. Bai ma sha wahala ba. Rabin samarin nan Malam Inuwa ya halarci sunansu, sauran kuma iyayensu na sallah sahu ɗaya da shi. Wa zai so a ce shi ya harbi mai fili a gemu? Sai aka riƙa auna gefensa, ana harbin iska, ana yi masa ihun ƙarya.

Abin da Lawan bai sani ba shi ne, akwai wata laya da Malam Inuwa ya gada wurin kawunsa mafarauci, wadda aka ce maganin bindiga ce. Shekara talatin tana ƙasan akwati, matarsa Inna Hadiza har ta sha cewa a yar da ita saboda wari. Ranar wasan farko ya ɗaura ta a ƙarƙashin jamfa, wai don ya gani. Ya gani kuwa. Lahadi bakwai a jere yana gani. A majalisarsu ta bakin masallaci ya fara ba da labari cewa yana jin harsashi na zuwa kansa tsaye, in ya iso sai ya karkace kamar an kira shi.

Ranar Alhamis da azahar Hasiya ta zo shagon walda. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa taka wurin ba, saboda haka Lawan na hango mayafinta ya kashe inji. Ba ta zauna ba. Ta ce Baba ya sayo irin masara da taki, ya kai babur an gyara, ranar Litinin zai koma gonarsa ta hanyar Birnin Gwari tunda ruwa ya sauka.

Gonar nan shekara uku ke nan ba a taka ta ba, tun lokacin da masu bindiga suka ɗauke maƙwabcinsa na gona, wanda har yau ba a ga ko hularsa ba.

"Ya ce ya gwada maganin bindigarsa sau bakwai a gaban shaidu," in ji Hasiya. "Baban Ummi, kai ka ɗaura wannan abu. In Baba ya hau babur ɗin nan ranar Litinin, ni ma ba a ɗakinka zan jira labari ba."

Ta juya ta tafi. Lawan ya kunna inji, ya kashe, ya sake kunnawa. Ƙofar da yake haɗawa ranar sai da ya yanke ta sau biyu.

Da farko ya nemi hanya mai sauƙi. Ya sa Hasiya ta faɗa wa Inna Hadiza gaskiya, ita kuma ta faɗa wa mijinta cewa yaran nan kauce masa suke yi da gangan. Malam Inuwa ya yi dariya har da tari. Ya ce dama ya san za a ƙirƙiro wata magana don a hana shi tafiya, shi da kunnensa yake jin abin na wucewa, ba labari aka ba shi ba. Aka tura aminansa biyu, ya ba su shayi, ya sallame su, ɗayan ma ya fito yana tambayar ko layar tana da ƙanwa.

Ranar Juma'a bayan masallaci Lawan ya hau babur sai Kurmin Mashi, wurin Husaini, shugaban ƙungiyar can, wanda kowa ya san in ya auna murfin kwalba ba ya kuskure. Ya roƙe shi ya ara wa 'yan Kanawa kansa ranar Lahadi, tunda su ne za su kara da Unguwar Shanu, ya yi harbi ɗaya tak. Husaini ya saurare shi har ƙarshe yana ɓare gyaɗa. Sannan ya tuna masa cewa wata biyu ke nan suna ƙorafi Unguwar Shanu na cinye kowa da tsoho ɗaya, shi Lawan yana cewa a yi haƙuri. Ya kuma tuna masa cewa Malam Inuwa ne ya karɓa wa shi Husaini auren matarsa.

"Kai ka rufe ƙofar nan, Oga," in ji Husaini. "Makullin na aljihunka. Ni dai zan zo kallo, har kujera zan kawo."

Yaran Kanawa ma haka. Wannan ya ce idonsa na ciwo, wancan ya ce kakarsa za ta tsine masa. Ranar Asabar Lawan ya je har ƙofar gidan surukinsa sau biyu da niyyar ya durƙusa ya faɗi komai da bakinsa. Karo na farko ya ga babur ɗin a zaure, an wanke shi, an ɗaure buhun taki a baya, sai ya wuce kamar mai neman wani gida. Karo na biyu ya yi sallama, tsohon ya fito, Lawan ya tsuguna ya gaida shi, ya tambayi lafiyar Inna, ya tambayi zafi, ya tambayi ruwan jiya ko ya yi ɓarna, sannan ya ce dama wucewa yake yi. A gida Hasiya ta ajiye masa tuwo ba tare da ta dube shi ba. Bai ci ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Lahadi ta zo da hadari a gabas. Yadda maganar ta fita babu wanda ya sani, ko da yake matan layin sun ce matar Husaini ba ta iya riƙe ko gishiri a baki. Katangar gidan bulo ta cika da mutane. Masu shayi sun bar teburinsu, 'yan majalisa sun zo da tabarmarsu, har mata na leƙe ta saman katangar maƙwabta, wai shanya suke yi.

Aka busa usur. Lawan ya rarrafa zuwa bayan tankin ruwa, gilashinsa ya yi hazo saboda zufa. Ya cire hula ya goge shi da ita, ya mayar. Can ya hango shuɗiyar jamfa ta taso daga ɗaya gefen, a hankali, hannu ɗaya riƙe da bindiga kamar sandar kiwo. Yaran Kanawa suka fara harbin iskarsu yadda suka saba. Tsohon ya ɗaga wa 'yan majalisa hannu.

Lawan ya ɗora bindiga a kan tankin. Ya ga gemun, ya sauke. Wannan mutumin ne ya ba shi Hasiya lokacin da ba shi da komai sai injin aro. Wannan mutumin bai taɓa ɗaga masa murya ba. Gobe in an ce a Unguwar Kanawa ga wanda ya harbi uban matarsa a bainar jama'a, da wane ido zai shiga gidan da sallah? Tsohon ya wuce tayoyi. Saura taku goma ya kai tuta. Lawan ya tuna buhun takin nan da ke ɗaure a bayan babur, da igiyar roba da aka zagaya masa har sau uku, ɗaurin mai tafiya nesa.

Ya sake ɗagawa, ya auna bayan hannun da ke riƙe da bindiga, inda babu riga, inda ba za a ce ba a ji ba. Ya danna.

Ƙarar ba ta fi ta tsinken ashana ba, amma kowa ya ji. Bindigar Malam Inuwa ta faɗi. Ya tsaya yana duban bayan hannunsa, inda wani ɗan jan tabo ya taso kamar cizon cinnaka. Harbi ya tsaya ko'ina. Mai usur ya sa usur a baki ya manta da shi.

Tsohon ya daɗe a tsaye. Ya shafa ƙirjinsa daidai inda layar take. Ya juya a hankali ya dubi tankin ruwa, Lawan kuwa ya sunkuyar da kai har goshinsa na taɓa ƙarfe. Sai Malam Inuwa ya ɗaga hannun sama, yadda doka ta ce.

"An same ni," in ji shi, ya ɗauki bindigarsa ya fita.

Yadda aka ƙarasa wasan Lawan bai sani ba, an dai ce Kanawa ce ta ci. Mutane na watsewa aka ce masa Baba na kira. Ya same shi zaune a kan bulo ƙarƙashin darbejiya, shi kaɗai. Ya cire takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba.

Malam Inuwa ya ce ya zauna ya yi nazari, kuma ya gano inda matsalar take. Kawunsa don dalma da baƙin ƙarfe ya haɗa maganin nan, a zamaninsu ina aka san harsashin roba? Sau bakwai ɗin da ya kare shi ma alfarma ce. Masu bindigar daji kuwa ai ba da roba suke harbi ba.

Lawan ya gane tafiyar gona tana nan daram.

"Sai dai tafiyar gobe ta ɗagu," in ji tsohon, yana murza bayan hannunsa. "Ba zan bar gari ana cewa mijin 'yata ya fitar da ni daga filina ba. A laɓe ka same ni, Malam Lawan. Sai na rama a gaban mutanen nan, sannan in tafi gonata. Yaushe za mu sake haɗuwa da ku?"

Nan da Lahadi biyu ne, Lawan ya san haka kamar sunansa.

"Sai na duba jadawali, Baba," ya ce.

Bai bi ta gida ba. Ya buɗe shago, ya share teburin walda, ya shimfiɗa farar takarda. Ya kira Husaini ya tambaye shi ko ya san wasu samari a Kawo da Malali da za su so shiga gasar, da Unguwar Dosa, da Hayin Banki, ko da mutum biyar-biyar ne, ko da ba su taɓa riƙe bindigar ba, shi zai koya musu. Ya ƙara da cewa daga yanzu wasa ɗaya za a riƙa yi kowace Lahadi, saboda damina. Husaini ya ce in haka ne ai zagaye ɗaya sai ya kai su bayan girbi. Lawan ya ce bai ƙirga ba.

Ruwan ya sauko, yana dukan kwanon shagon. Lawan ya ja layi, ya fara jera sunaye bibbiyu daga sama, Kawo da Badarawa, Malali da Kurmin Mashi, yana tsallake Kanawa da Shanu duk inda suka nemi haɗuwa. Da ya kai ƙasan takardar bai sa su ba tukuna, sai ya juya ta ya ci gaba a bayanta.