Abin da Ya Dawo da Dariyar Hinde

Kindirmo ya gangaro a haɓar Hinde, ta kai hannu za ta tare, sai ta fashe da dariya. Gwaggonta Madina, da ke tankaɗen garin wake a gindin rumbu, ta dakata ta dube ta. Rabonta da jin wannan dariya tun kafin Hinde ta haihu.

"Ga ƙwan zabi nan na dafa, ɗiyata. Ɗauki ki ci."

"Gwaggo, can gidanmu ƙwai na maigida na."

"To nan gidana na."

Hinde ta ɓare ɗaya, ta ci a hankali, jaririyarta na barci a cinyarta.

* * *

A shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai Madina ta je Tambuwal ganin Hinde, 'yar ɗan'uwanta. Ta iske ta zaune a ɗaki tana kallon bango, yarinya na kuka, ita kuwa ko juyowa ba ta yi ba. Mijinta Ɗanmaliki manomin gyaɗa ne, ba ya duka, ba ya zagi. Ya ce iska ce ta taɓa ta, ya kuma karɓo rubutu har ya gaji.

Madina ta leƙa tukunya. Tuwon dawa ne da miyar kuka tsululu, ko daddawa babu. Buhunan gyaɗa na jingine a zaure suna jiran motar masu awo, wake ma na kasuwa ne. Shi maigida a bakin kasuwa yake cin tsirensa, kamar sauran mazan unguwa, ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan. Tun da aka gama wankan jego nama bai sake shiga cikin gidan ba.

"Ba ni ita ta sha iskan ƙauye," in ji Madina.

Suka hau babbar mota zuwa Kebbe, daga nan jaki ya ƙarasa da su Fakku, ƙauyen Madina.

Madina ba ta san sunan ciwon ba, ta dai san abin da take ba mai shayarwa. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai, da rana fura da nonon da Fulani ke kawowa, da maraice dafaffen wake ko miyar kifi. Tsakani kuma ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga riɗi. Sannu a hankali Hinde ta fara fitowa shan hantsi. Ta roƙi maƙwabciya ta yi mata kitso. Wata safiya aka ji ta tana waƙa a bakin turmi, taɓarya na tashi sama tana tafa hannu kafin ta cafe. Yarinya ma ta yi kumatu.

* * *

Bayan kaka Ɗanmaliki ya zo ɗaukar matarsa. Da ya gan ta ya yi tsaye, fuskarsa cike da murna.

"Alhamdu lillahi! Gwaggo, wane malami kunka samu?"

"Wake da nono da kifi, Ɗanmaliki. Yunwa ta."

Ya yi dariya ta girmamawa. "Yunwa kuma, Gwaggo? Rumbuna cike shike da dawa."

Madina ta buɗe baki, sai ta ga Hinde na goya yarinya, tana ɗokin komawa ɗakinta. Ta juya ta ƙulla mata busasshen kifi a ƙyalle.

Ranar da suka isa Tambuwal abokan maigida suka zo yi masa barka. Hinde ta zuba kifin duka a miya, ƙamshi ya cika gida, ta aika da akushi zaure. Tana jin su suna yaba hannunta, ranta ya yi fari.

Da akushin ya dawo, ƙaya ce kawai a ciki. Ta zauna a bakin murhu da tuwonta, ta tsince ƙayar gefe guda, ta dangwali ɗan maiƙon da ya rage a gindin akushin.