Kiran Ƙarshe na Sha-huɗu

A garinmu Pruitt Fork, idan ɗan sanda ya mutu a bakin aiki, ni ce nake yi masa kiran ƙarshe. Bayan fasto ya gama nasa a bakin kabari, sai a buɗe rediyon oba-oba na kowace mota, ni kuma daga ɗakina a ofis in kira lambar mamacin, in saurara, in sake kira, in saurara. Ba mai taɓa maɓallin magana. Layin nasa ne shi kaɗai, har sai na rufe shi da cewa ya sauka daga aiki. Sunana Darlene Caudill. Tun gashina yana baƙi nake kan kujerar nan ina aika mutane inda ake nemansu, kuma kiran nan har yau ban saba da shi ba.

Wannan karon Lonnie Napier ne, mai lamba Sha-huɗu.

Ban taɓa aiki da mai nawar amsa kira irin Lonnie ba. Yana da wata ɗabi'a ta zuba gyaɗa a kwalbar lemo, ya riƙa kurɓa yana tauna, don haka kullum bakinsa cike yake. In kira, shiru. In sake kira, shiru. Sai na fara tsaki sannan in ji ƙyas, ya danna maɓallin, ya ɗan haɗiye, ya ce, "Ina jin ki, Anti, kada ki fasa mini kunne." Na zage shi a kan haka ya fi a ƙirga. Ko a gida, in ji matarsa Tonya, ba ta canza zani ba.

A kan tudun tsoho Dewey Fugate aka harbe shi, lokacin girbin wiwi. Jirgi mai saukar ungulu ya hango 'yar gonar a bayan gidan, aka tura Lonnie da abokin aikinsa su tuge. Abin da ke gonar gaba ɗaya bai kai ya cika bayan a-kori-kura ba. Dewey ya sha ya yi tatul, ya ji motsi a cikin ciyawa, ya ɗauka ɓarayin kaka ne irin waɗanda suka yashe shi bara. Ko tashi bai yi daga kujerarsa ba ya saki harsashi. Yana nan a kulle a ƙarƙashin ofishinmu, ina jiyo kukansa ta bututun iska. A ƙetaren kogi kuwa, jihar maƙwabtanmu, kanti ake shiga a sayi ganyen nan a cikin leda mai tambari, har da rasit.

Sai abin ya zo daidai da ƙuri'ar raba gardama da jiharmu za ta kaɗa kan a halatta wiwi ko a bar ta a haramce. Mutuwar wani tashin wani. Gawar Lonnie ba ta gama sanyi ba kowane ɓangare ya kama ƙafa ɗaya yana ja. Masu "A'a" suka ce kun ga abin da wiwi take jawowa. Masu "E" suka ce kun ga abin da dokar take jawowa. Ni dai na gaji da su duka, kuma kada wanda ya tambaye ni inda zan dangwala, don ni ma ban sani ba.

Ana gobe jana'iza na kai wa Tonya wake da burodin masara. Teburin kicin ɗinta ba masaka tsinke, soyayyar kaza kwano a kan kwano, ita kuwa ko loma ba ta kai baki ba. Wayarta tana kife tana ta gurnani.

"Ki ɗauka mana, 'yar nan," na ce.

"In ɗauka in ce me? Wata mata ce daga birni, wai in ba su hotonsa su sa a allon talla. Ɗazu kuma mutanen coci, su ma hoton suke so. Anti Darlene, mutumin nan ko labarai ba ya kallo. Da an fara maganar ƙuri'ar nan sai ya ce a canza tasha, ana ƙwallo."

"Na san shi ai."

"Gobe Sherif zai yi jawabi, fasto zai yi, wani ɗan majalisa ma da ban taɓa gani ba zai yi. Su yi ta yi, ba ni da ƙarfin hana su." Ta kama hannuna. "Amma naki, don Allah ki bar masa. Ki kira shi kawai, yadda kike kiransa. Abu ɗaya dai a ranar nan ya zama nasa."

Na ce mata to. Ban ɗauka akwai wata wahala a ciki ba.

Da safe Sherif Burl Hensley, shugaban 'yan sandan gundumarmu, ya shigo ɗakina cikin kayan fareti, baƙin ƙyalle a kan bajonsa. Shi ne jagoran masu "A'a" a yankinmu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi ya koya wa Lonnie aiki, shi kuma ya ɗauko shi daga tudun a kafaɗa. Idanunsa sun kumbura, da gani bai runtsa ba. Ya ajiye mini takarda kusa da makirufo.

"Bayan kin kira lambar, sai ki karanta wannan."

Na duba. An rubuta cewa Sha-huɗu ya faɗi a yaƙin da muke yi da guba, kuma jininsa amana ne a wuyan duk wanda zai shiga rumfar zaɓe.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ba kira ba ne, kamfe ne."

"Gaskiya ce dai."

"Wataƙila. To ka faɗe ta a jawabinka mana, ga lasifika an ba ka."

"Jawabina wa zai tuna? 'Yan talabijin kiran nan suka zo ɗauka, kin fi kowa sani. Shi ne yake sa mutane kuka."

"Tonya ta roƙe ni kada in ƙara komai."

"Tonya tana cikin zafi. Nan gaba za ta gode mini." Ya shafa fuska da tafin hannu. "Darlene, idan masu 'E' suka ci ƙuri'ar nan, me zan ce yaron ya mutu a kai? Ganyen da za a sayar a gefen gidan mai? Ki faɗa mini abin da zan ce wa uwarsa."

Na mayar da idona kan takardar.

"Ki karanta," ya ce a bakin ƙofa. "Ba shawara nake nema ba. Akwai masu son kujerar nan."

Gaba kura, baya sayaki. Na zauna ni kaɗai, ofis ya watse, kowa ya tafi maƙabarta. Na haɗa kofi na manta da shi har ya huce. Na kife takardar, na sake buɗewa, na sake kifewa. Kujerar nan ita ce duk abin da na iya a duniya, ban kuma ga wanda zai ɗauki tsohuwa irina aiki ba. Daga ƙasa Dewey yana ta kiran sunan matarsa da ta daɗe da rasuwa.

Can da rana waya ta yi ƙara. Wade Sizemore ne, wanda suka hau tudun tare da Lonnie. Ya ce a hankali, "Anti, an gama. Sai ke."

Na danna maɓallin.

"Ofis na kiran Sha-huɗu."

Na saki. Ba komai sai hucin layi.

"Ofis na kiran Sha-huɗu. Lonnie Napier, ka amsa."

Shiru. A nan ne ya kamata in ɗauki takardar. Na ɗora hannu a kanta, na bar ta a kife. Na ƙyale layin a buɗe, na ba shi lokacin da na saba ba shi ya haɗiye gyaɗarsa. Shirun ya yi tsawo, ya wuce yadda ake yi, duk wanda ya san da takardar ya gane ba zan karanta ba.

Sai na ji ƙyas.

Wani ya danna maɓalli. Wallahi na miƙe tsaye ban sani ba, kofin ya kife a kan cinyata. Na san Lonnie yana cikin akwati, ni na zaɓa masa taye, amma kunne ba ya jin wannan bayanin. Ina jiyo numfashin mutum a layin, ina jira a ce mini kada in fasa kunne. Numfashin ya tsaya. Aka saki maɓallin, hucin ya dawo.

Na zauna. Na yi gyaran murya. Na ce, "Sha-huɗu bai amsa ba. Sha-huɗu ya sauka daga aiki. Ka huta, Lonnie, mun karɓe ka." Na rufe layin.

Wade ne ya ba ni sauran labarin da yamma. Sherif ne ya ciro oba-obarsa daga ƙugu, zai faɗi abin da na ƙi faɗa. Da ƙarar maɓallin ta fito daga motocin nan duka, sai Tonya ta zabura daga kujerarta, tutar da aka naɗe aka ba ta ta zame ƙasa. Ta juya tana duba motocin ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a washe. Sai idonta ya sauka a kan Sherif, rediyo a bakinsa.

"Anti, ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai yau," in ji Wade. "Ya sauke hannunsa kawai. Shi ya duƙa ya ɗauko mata tutar, ta ƙi kallonsa."

Sherif bai kore ni ba. Bai kuma sake tayar da maganar ba. Washegari ya shigo ya ɗauki takardarsa, ya fita. Kafin mako ya zagayo hoton Lonnie ya hau allunan talla a bakin gada, na masu "A'a" a wannan hannu, na masu "E" a wancan. Ban san inda suka samo shi ba. Idan zan je aiki ta tsakaninsu nake bi, idona a kan kwalta.

Ranar Lahadi na koma karɓar kwanona. Tonya ta wanke shi ta ajiye a bakin taga. Na ba ta haƙuri a kan abin da ya faru a maƙabarta, na ce da na san haka shirun zai jawo, da na gajarta shi.

Ta daɗe tana juya kwanon a hannunta.

"Kada ki ba ni haƙuri, Anti," ta ce. "Na san ba shi ba ne. Tun kafin in gama miƙewa na sani. Amma tun da aka zo aka faɗa mini, wannan ɗan lokacin ne kaɗai na ji kamar ya makara ne kawai."